MTN, Airtel, Glo ko T2: wanne layi ya kamata mutumin ƙauye ya dinga saka wa data?

Duk majalisar da ka zauna a garuruwanmu yanzu, ko a shagon caji ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi ba a yi musun layi ba. Wannan ya ce MTN ne kawai sauran duk tarkace, wancan ya ce ai shi tun da ya koma Airtel ya huta, can gefe kuma wani ya ɗaga waya ya nuna maka yawan gig ɗin da Glo ta ba shi a kuɗi kaɗan. Abun mamaki kuma dukkansu gaskiya suke faɗa, sabida kowa labarin ɗakinsa yake bayarwa. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne a ƙauye ba sunan kamfani ake saya ba, ƙarfen sabis ake saya, wato wanne ƙarfe ne ya fi kusa da gidanka, yana da wuta ko ba shi da ita, kuma mutum nawa ne suka rataya a jikinsa da ƙarfe tara na dare. Farashi da garaɓasa duk a bayan wannan suke zuwa. Mutumin da ke zaune a Zoo Road ko Tarauni zai iya zaɓen layi don araha tunda duk inda ya juya ƙarfe ne, amma wanda ke wani ƙauye tsakanin Jahun da Miga ko can cikin Sumaila lissafinsa daban ne gaba ɗaya.

Bari mu fara da shi ƙarfen, don in ka gane shi ka gane rabin matsalar. Yawancin ƙarafunan nan da muke gani ma ba na kamfanonin layin ba ne kai tsaye, akwai kamfanoni irin su IHS da American Tower da suke mallakarsu suna ba da haya, shi ya sa za ka ga ƙarfe ɗaya ɗauke da eriyar kamfani biyu ko uku. Toh in janaretan wannan ƙarfe ya tsaya ko dizal ya ƙare ko an sace batir, duk layukan da ke kansa tare suke ɗaukewa, sai ka ji mutane na cewa yau duk sabis ya lalace, alhali inji ɗaya ne ya mutu a bayan gari. Wutar KEDCO kuwa kowa ya san yadda take a karkara, ba a dogara da ita. Sannan shi kansa ƙarfen sai an haɗa shi da sauran duniya, ko dai ta wayar faiba da aka binne a gefen titi, ko ta wannan farantin mai kama da ganga da ke can sama yana kallon wani ƙarfen. Faiba ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba amma masu aikin titi da masu haƙa kwalbati suna yawan tsinke ta, shi kuma farantin ruwan sama mai ƙarfi na iya rage masa kuzari. Garin da ke kan babban titi, misali hanyar Kano zuwa Wudil zuwa Birnin Kudu, ko Kano zuwa Kazaure, ko ta Gumel zuwa Hadejia, ya fi samun rabo fiye da garin da sai ka sauka daga kwalta ka yi tafiyar rabin awa a mashin.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne sandunan sabis da ke saman waya. Za ka ga sanduna sun cika taf amma hoto ɗaya ya ƙi buɗewa a WhatsApp, sai juyawa yake. Sandunan suna gaya maka ƙarfin siginar da ke iso ka ne kawai, ba sa gaya maka mutum nawa kuke rabon ta. Kamar famfon burtsatse ne, da hantsi ka je ka cika jarka nan da nan, da yamma kuwa ruwan dai shi ne amma layin jarkoki ya kai bakin masallaci. Harafin da ke kusa da sandunan ya fi su muhimmanci. In ka ga E, wannan 2G ne, rubutu kawai zai iya turawa shi ma da ƙyar. H ko H+ 3G ne, za a lallaɓa. 4G ko LTE shi ake nema. Layin da ke ba ka sanda biyu na 4G tsayayye ya fi wanda ke ba ka sanda huɗu yana tsalle tsakanin E da H.

Yanzu su kamfanonin. MTN daga Afirka ta Kudu ya zo, ya fara aiki a 2001 lokacin da aka kawo GSM zamanin Obasanjo, kuma a alƙaluman NCC, hukumar da ke kula da harkar sadarwa ta ƙasa, sama da rabin layukan ƙasar nan nasa ne. Wannan yawan shi ne ƙarfinsa. A mafi yawan lokuta in akwai sabis ɗaya tak a ƙauye to akwai yiwuwar shi ne, kuma in kai matafiyi ne, yau kana Dawanau gobe Gujungu jibi Maigatari, shi ne layin da ya fi wuya ya bar ka a hanya. A 2016 sun sayi Visafone, ba don komai ba sai don zangon 800MHz da ke hannunta, wato mitar da sigina ke tafiya a kai kamar ta gidan rediyo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin karkara, domin ƙa'idar ita ce duk lokacin da lambar zango ta yi ƙasa siginar ta fi tafiya nesa kuma ta fi ratsa bango. 700 da 800 suna cin dogon zango, 1800 matsakaici, 2600 kuwa gudu ne da shi amma ba ya nisa, na cikin gari ne. Sai dai yawan jama'ar nan yana da nasa nauyin: inda kowa da kowa ke kan layi ɗaya, ranar kasuwa ko ranar sallah ko daren da ake babban wasan ƙwallo cunkoso ya fi kama layin da ya fi mutane. Kuma ba a san shi da araha ba, wannan kam ko masoyansa ba sa musu.

Airtel kuwa dattijo ne da ya sha canza suna. Waɗanda suka riƙe 0802 tun farko sun san shi yana Econet a 2001, ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, sannan a 2010 kamfanin Bharti na Indiya ya saya ya zama Airtel. Har yau akwai tsofaffi a garinmu da in za su aiki yaro sayen kati sai su ce a siyo musu Zain. Shi ne na biyu a girma, kusan kashi ɗaya cikin uku na layuka, kuma a Arewa yana da tushe sosai, akwai garuruwan da shi ne gaba MTN na baya, musamman inda ƙarfensa ya riga zuwa. Ni a ganina duk wanda ke ƙauyen Kano ko Jigawa kuma yana neman layin data, gwajinsa ya fara da waɗannan biyun, sauran su biyo baya. Bambancin farashinsu ba wani mai yawa ba ne, yau wannan ya ɗan fi gobe wancan ya fito da sabon tsari, don haka kar ka ɓata lokaci kana lissafin naira hamsin, duba wanda ke kamawa a cikin ɗakinka. A 2025 ma kamfanonin biyu sun sanar da yarjejeniyar raba kayan aiki a Najeriya, wanda in ya tafi daidai zai rage wannan bambancin na nan akwai can babu.

Glo namu ne na gida, na Mike Adenuga, ya shigo a 2003 kuma shi ne ya kawo cajin kira da sakan lokacin da sauran ke cewa sai da minti, wannan alheri ne da bai kamata a manta ba. Yana da nasa kebul na ƙarƙashin teku, Glo-1, daga Ingila zuwa Legas, kuma a watan Maris na 2024 da kebul-kebul da yawa suka tsinke a gaɓar tekun Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, nasa bai shiga ciki ba. An san shi da ba da data mai yawa a kuɗi kaɗan. Toh amma a nan ne sai mutum ya yi hankali, gig 10 da ba za ka iya jawo ta ba har wata ya ƙare ba araha ba ce, asara ce. In garinku akwai ƙarfensa kuma 4G ɗinsa na tsayawa, wallahi ka more, musamman in kai mai sauke finafinai ne ko karatuttukan malamai masu tsawo. In kuwa sai ka fita bakin titi kake ganinsa, bar shi ya zama na ajiya. Akwai kuma wata magana da ba kowa ya sani ba: 4G ɗin Glo an fi saninsa a kan zangon 700MHz, wanda a takardar waya ake rubutawa Band 28, kuma ba kowace waya ke da shi ba, musamman tsofaffi da wasu 'yan kwatano da ake kawowa daga waje. Sai mutum biyu su zauna a benci ɗaya da sim iri ɗaya, ɗaya na kan 4G ɗaya na kan H, su yi ta zagin kamfani alhali wayar ce. In za ka sayi waya a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut a Kano ka sa mai shagon ya nuna maka jerin band ɗin, ka nemi 3 da 7 da 20 da 28, in duk suna nan ka huta da kowanne layi.

Na huɗun shi ne wanda muka sani da Etisalat tun 2008, masu 0809, ya koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashin bankuna, yanzu kuma tun 2025 sunansa T2. Masu amfani da shi sun ragu ƙwarai, ƙasa da kashi 2 cikin 100 a lissafin NCC na 2025. Sun ƙulla yarjejeniya da MTN don layinsu ya dinga hawa ƙarafunan MTN, abin da zai iya farfaɗo da shi. In kana da tsohuwar lamba a kai ka riƙe ta, amma ban ga dalilin da zai sa mutumin ƙauye ya fara sayen datar wata guda a kansa ba tare da ya gwada sosai ba. Sauran kamfanonin intanet irin su Spectranet da Smile kuma ka cire su a lissafi, na manyan birane ne.

Toh yaya ake gwajin? Ba sai ka sayi sim huɗu ba. A kowanne gida ko majalisa akwai masu layi daban-daban, ka ari wayar ƙaninka ko ka ce maƙwabci ya kunna maka hosfot, wato ya raba maka intanet daga wayarsa, ko kuma ka saka datar kwana ɗaya mafi ƙanƙanta. Muhimmin abu shi ne wuri da lokaci. Ka gwada a inda za ka dinga amfani da shi da gaske, cikin ɗaki a kan katifarka ko cikin shagonka, ba a tsakar gida ba, don rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna cinye sigina sosai, za ka iya samun 4G a ƙofar zaure ka rasa shi a ƙuryar ɗaki. Kuma ka gwada sau uku a yini: bayan asuba, da rana, sannan bayan isha'i tsakanin takwas da goma, wannan na ƙarshen shi ne alƙali, domin da asuba kowanne layi jarumi ne. In garinku na da kasuwar mako ka ƙara da ranar kasuwa. Ba ka buƙatar wata manhaja ta musamman, ka buɗe bidiyon YouTube ka gani ko zai yi minti biyar bai tsaya ba, ka yi kiran bidiyo a WhatsApp, ka tura hoto ka ga daƙiƙa nawa zai ɗauka, don turawa daban saukewa daban, wani layin yana saukewa da kyau amma turawa sai a hankali. Mai son lamba ya shiga fast.com ko Speedtest, sai dai su ma suna shan data ba kaɗan ba. A saitin wayar Android wajen bayanin sim akwai wata lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta, in tana wajen -80 zuwa -90 lafiya lau, in ta wuce -110 to kana bakin gaɓa ne, kuma a irin wannan wurin batir ma ya fi saurin ƙarewa sabida wayar na ta ƙoƙarin kamo ƙarfe, ga wanda ke biyan kuɗin caji kullum wannan ma kuɗi ne.

Akwai wani mai POS a kasuwarmu, ranar kasuwa in rana ta take za ka gan shi ya baro rumfarsa ya hau kan tudun da ke bayan 'yan awaki, inji a hannun dama a sama, katin mutum a ciki, mai kuɗin na biye da shi a baya yana ta tambaya ya shiga? ya shiga? Mutane suka yi ta ba shi shawarar ya canza layi, ya canza ɗin, bai tsira ba. Abin da ya raba shi da hawa tudu shi ne da ya ajiye ƙaramar waya da sim na wani kamfanin daban a aljihu, in na cikin injin ya cushe sai ya kunna hosfot ya ci gaba da aiki. Kuma wannan ita ce shawarar da zan ba duk mai sana'ar da ta dogara da sabis, mai POS ne ko mai sayar da data ko dillalin hatsi da ke jiran alat kafin ya saki mota: layi biyu na kamfani biyu, babba da ƙarami. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da taransifa ta zama ita ce kuɗin cefane, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Aikin POS da manhajojin banki ba sa cin data sosai, abin da suke so shi ne sabis da ba ya yankewa, don haka a nan araha ba ta da wani amfani.

Maganar farashi kuma, ba zan kawo lambobi ba don suna canzawa kafin ka juya, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, karo na farko cikin sama da shekara goma. Ka danna *312# a kowanne layi za ka ga na yau, tunda tun 2023 aka haɗe lambobin suka zama iri ɗaya: *310# duba kuɗi, *311# saka kati, *323# duba ragowar data, 300 kiran kamfani. Abin da nake so ka iya shi ne karanta tsarin. In aka ce maka gig kaza, tambaya ta farko nawa ne na rana nawa ne na dare, don akwai tsarin da ake haɗa maka lissafi ya yi kyau a ido alhali wani kaso ba ya aiki sai tsakar dare zuwa asuba, in kai manomi ne da ke kwanciya bayan isha'i don sammakon gona wannan kason ba naka ba ne. Ta biyu, kwana nawa zai yi. Na kwana ɗaya ko biyu ya fi ba da gig mai yawa a kan kuɗi kaɗan amma in ka tara na wata sai ka ga ka kashe fiye da mai sayen na wata guda, mu ce kana saka na 300 kullum, a wata 9,000 ke nan, kai kuma a ranka kana ganin ɗari uku-uku ce kawai. Ta uku, na komai da komai ne ko na WhatsApp da Facebook da TikTok kaɗai, don irin wannan in aka turo maka wani adireshi na waje ba zai buɗe ba, ko kuma ya shiga cin kuɗin katinka kai tsaye ba ka sani ba. Na taɓa saka kati da daddare a wani layi, ba zan kama suna ba, da safe na tarar babu ko sisi, ashe wani tsari ne ke sabunta kansa da kansa. Ka dinga duba irin waɗannan ta *305#, saƙonnin talla kuma ka tura STOP zuwa 2442, in kamfani ya ƙi sauraronka akwai 622 na NCC kyauta ne.

Su kuma yaran nan masu sayar da data a WhatsApp, da yawansu masu gaskiya ne kuma sana'a ce da ta rufa wa matasa asiri, wani lokacin ma sun fi araha. Ka dai saya a wajen wanda ka san gidansu, kuma bayan ya turo ka duba da kanka kwana nawa aka rubuta.

Yawan kukan wai layi kaza na shan data, gaskiya rabi da rabi ne. In sabis ya yi kyau YouTube da TikTok da Facebook da kansu suke ɗaga ingancin bidiyo, hoto ya fito tas, data kuma ta tafi tas. Awa ɗaya na bidiyo a 480p zai ci wajen rabin gig, in ya hau 720p ya kai gig ɗaya ko fiye, kiran murya na WhatsApp kuwa bai cika kai MB ɗaya a minti ba. Kenan layin da ya fi gudu shi zai fi kama da ɓarawo. Ka rage ingancin bidiyo da hannunka, ka kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a guruf-guruf ɗin WhatsApp, musamman na 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai da ake turo abu ɗaya sau biyar, ka hana Play Store sabunta manhajoji sai ka ba da izini. Wanda bai yi waɗannan ba duk layin da ya koma kukan zai bi shi.

Ga ɗalibi, ko na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa ko mai karatun NOUN daga gida, ko malamin makaranta da ke aiki da kwamfuta, ko mai shagon cike fom da buga takardu, a nan ne maganar MiFi da rauta ke shigowa, wato na'urorin da ake saka wa sim su raba intanet ga waya da kwamfuta. Hosfot na waya yana yi amma yana dafa batir, kuma a wasu wayoyin in kira ya shigo intanet ɗin sai ya tsaya. MiFi ɗin da kamfanin layi ke sayarwa ya fi sauƙin kuɗi kuma yakan zo da data a ciki, sai dai a kulle yake, sim ɗinsu kaɗai yake karɓa. A ƙauye ni na fi son buɗaɗɗe mai karɓar kowanne sim ko da ya fi tsada, domin ƙarfen da ke maka aiki bana ba lallai ya yi baɗi ba. Rauta ta fi MiFi ƙarfin kamu tunda eriyarta ta fi girma, wasu ma ana iya jona musu eriyar waje a ɗaure a kan doguwar sanda ko a jikin ƙarfen dish tana kallon inda ƙarfen sabis yake, kuma ɗagawar nan ta 'yan mitoci kan sauya komai a ƙasarmu da take shimfiɗaɗɗiya babu duwatsu sosai, bishiyoyi da gine-gine ne kawai ke tarewa. Amma rauta wuta take so ko da yaushe, in ba ka da sola ko ƙaramin batir to MiFi mai batir a jikinsa ya fi maka. Wata dabara mara tsada, ka rataye MiFi ɗin a taga ko ka saka shi a leda ka ɗaure a ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta dukansa, kai kana ciki kana kamawa. Tsarin da ake cewa mara iyaka kuma ka karanta ƙananan rubutun, yawanci akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu har wata ya ƙare.

Mutanen bakin iyaka, Maigatari da Babura da Sule Tankarkar da Birniwa, ku kuna da taku matsalar ta daban. Waya kan kamo sabis ɗin Nijar da kanta in na gida ya yi rauni, sai a shiga cajinka kuɗin ƙasar waje kana zaune a ɗakinka. Ka shiga saitin ka kashe yawon data na ƙetare, wato data roaming, zaɓen netwok kuma ka mayar da shi na hannu ka zaɓi naka. 'Yan kasuwar dabbobi da ke tsallakawa ranar Alhamis da yawansu sim ɗin can daban suke riƙewa, kuma hakan ya fi sauƙi.

5G fa? MTN ya fara a 2022 kuma Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo a 2023, amma zangon da suke amfani da shi na 3.5GHz ba ya nisa, a cikin birnin ma unguwa-unguwa ne. Kar wani ya sa ka ƙara kuɗi a waya ko rauta don 5G kana zaune a ƙauyen Gwaram. Starlink kuma da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 shi ba ruwansa da ƙarfe, daga tauraron ɗan'adam yake, in dai sama a buɗe take zai kama ko a tsakiyar fadamar Hadejia ne. Sai dai kuɗin kayan dubu ɗaruruwa ne, na wata dubu gomomi, ga wuta da yake buƙata dare da rana. Bai dace da mutum ɗaya mai waya ɗaya ba. Ya dace da makaranta ko asibiti ko cibiyar kwamfuta, ko inda mutane da yawa za su haɗa kuɗi, ko garin da babu 4G kwata-kwata.

In gwaji ya nuna maka wani layin ya fi wanda kake kai, kar ka yi saurin jefar da tsohon. Lambar nan ita ke ɗaure da BVN ɗinka da NIN da asusun banki da WhatsApp, in ɗalibi ne da ita ya karɓi lambar JAMB kuma za a sake nemanta, in an rubuta ka a wani tallafi ko rabon taki ita aka rubuta. Layin da aka bari wata shida ba kira ba kati ba data ana iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani, shi kuma ya dinga samun alat ɗinka. Hanya biyu ce. Ko dai ka bar tsohon a waya don kira kana ɗan saka masa kati lokaci-lokaci, sabon ya zama na data, tunda kusan duk wayoyinmu Tecno da Itel da Infinix masu sim biyu ne, ka dai tabbatar ka zaɓi sabon a matsayin na data a saitin, a tsofaffin wayoyi ma sai ka sa shi a ramin farko kafin ya ba ka 4G. Ko kuma ka yi ƙaura da lambarka gaba ɗaya, wanda aka fara tun 2013: ka je ofis ko wakilin kamfanin da kake son komawa da NIN ɗinka, a sa ka tura PORT zuwa 3232, lambarka ba za ta canza ba ko da 0803 ce ta koma Airtel. Kafin ka yi ka cinye kuɗi da datar da ke kan tsohon don ba sa bin ka, kuma ka sani in ka koma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a bar ka ka sake ƙaura. Sabon sim kuma ka je da kanka a yi maka rajista da sunanka da NIN ɗinka, kar ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista a bakin tasha, ranar da ya ɓace ko aka toshe shi ba ka da hanyar dawo da shi.